Alƙali da 'Yar Farin Mukhtaru Mahauci

A unguwar Hindawiyya ta Makka akwai Mukhtaru fiye da goma, amma wanda ake gudu ɗaya ne, shi ne mahaucin da ke gasa tsire a bakin lungun da ya haura dutse. Kakansa da ƙafa ya taso daga Kano, ya yi shekara da shekaru a hanya, ya yi hajjinsa, ya ga ba inda za shi kuma. Ubansa ya kama fawa, shi kuma ya buɗe ido ya tarar da wuƙa a gidan. Lokacin hajji yana cikin masu yankan hadaya, daga asuba har jini ya bushe masa a gwiwar hannu. Sauran watannin shekara yana tsaye gaban garwashi yana juya tsire, abin da Larabawan Makka suke kira siriya suna lasar yatsa. Hausarsa ta Kano ce, Larabcin Hijaz ya cinye rabinta, kuma da kowanne ya zage ka sai ka ji a jikinka.

Kai, mutumin nan Allah ya ba shi hannu, ya hana shi haƙuri! Akwai shekarar da wani bijimi ya tsinke igiya a mayanka, mahauta suka watse har da masu hawa katanga. Mukhtaru ya tare shi, ya kama ƙaho biyu, ya murɗe wuyan har dabbar ta kife da hanci a siminti. Da a kan shanu abin ya tsaya, da sai a ce jarumi. Ina! Wani direban tasi ya toshe masa bakin lungu, ya ce ya matsa, direban ya ɗaga masa yatsa. Ta tagar motar Mukhtaru ya zaro shi, ya buga da bango sau biyu, ya mayar da shi ta inda ya fito da shi. Wani kuma, tsautsayi ya aike shi, ya ce tsiren yau kamar naman jaki. Mukhtaru ya danƙo ƙeyarsa ya kai fuskar bakin garwashi har gira ta ƙone, ya ce ya shinshina da kyau ya sake faɗa. 'Yan sandan yankin sun san sunansa da na ubansa. Kullum dattawan unguwa ne ke shiga a yi sulhu, a ba da haƙuri, a rufe maganar. Abu ɗaya ake yaba masa, bai taɓa zare wa ɗan Adam wuƙa ba. In faɗa ya taso sai ya kwantar da ita a kan katako tukuna, a hankali, kuma duk wanda ya ga ya kwantar da wuƙar nan ya san lokacin neman takalmi ya yi.

To, wannan mutumin da kuke ji, akwai mace ɗaya da in ya hango ta sai ya sunkuyar da kai. Hajiya Safiyatu ke nan ta unguwar Shisha, surukarsa, uwar matarsa Hanan. Tun ranar da aka ɗaura auren bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai ci abinci a gabanta ba, bai zauna kan kujera tana ɗakin ba. Daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ya gaida ta kansa a ƙasa, muryar da ke firgita lungu ta koma kamar ta mai mura. Hanan kan yi dariya har da hawaye. Ita ma bai taɓa ɗaga mata yatsa ba, wannan ko maƙiyansa sun shaida. Sun haifi 'ya ɗaya, Nuha. Yarinyar tana ajin farko a makaranta ciwo ya kwantar da Hanan, aka yi ta asibiti, Allah ya yi ikonsa. Yayarsa Kabira, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, ta tattaro kayanta ta dawo gidan don ta riƙe yarinyar.

Nuha ita ce 'yar farinsa, kuma Mukhtaru mutumin da ne a wannan fanni. Ba ya kiran sunanta. “Yarinyar nan,” ko “waccan,” ko ya yi gyaran murya kawai. Ba ya ɗaukarta a gaban mutane, ba ya wasa da ita, in abokansa Larabawa suka ce masa Abu Nuha sai ya ɗaure fuska kamar an taka shi. Haka ya ga ubansa ya yi wa Kabira, haka ya ɗauka. Amma son da yake mata, wallahi, ya fi ƙarfin bakinsa. Kullum in ya feɗe rago, hantar da ta fi taushi ba ta sayarwa ba ce, sai ya ƙunshe ya miƙa wa Kabira ya ce, “Ba yarinyar nan.” In an tashi makaranta yana tsallaken titi, a bayan wata motar kaya, har sai ya ga ta shiga motar makaranta sannan ya juya. Da zai rasa ta, shi kansa bai san abin da zai rage masa a duniya ba.

Hajiya Safiyatu kuwa hankalinta bai kwanta ba. Jikarta ta zo Shisha ranar Juma'a tana ƙaurin hayaƙi, tana ba da labarin yadda Baba ya fasa wa wani hanci kamar labarin wasan ƙwallo. Hajiya ta aika a roƙa mata riƙon yarinyar, Kabira ta amsa cewa a bari ta ƙara wayo. Ta sake aikawa, aka sake ba ta haƙuri. Kotu ba ta cikin ranta. Ɗanta Talal, ƙanin Hanan, ma'aikacin ofis mai son a ga ya iya, shi ya ce ta bar masa. Yanzu ai ƙara ma a waya ake shigar da ita, mutum yana kishingiɗe yana shan shayi. Kafin Hajiya ta gama cewa a dakata, ya shigar da sunanta, shi ne wakilinta.

Alƙalin da aka ba shari'ar bai fara zama ba sai da ya tura wani jami'i na ƙasa da shi ya je ya ga gidajen biyu, ya ji bakin kowa, ya ɗago masa shawara. Jami'in saurayi ne, Rakan, Balaraben Jidda, farar rigarsa ba ko ɗigo, turarensa ya riga shi shiga lungu. Ba mugu ba ne, a gaskiya ma yana da kirki. Kuskurensa ɗaya, ya tara su duka a falon Mukhtaru, har da Hajiya, don a cewarsa a yi komai a fili.

Mukhtaru a gidansa ya rasa wurin zama. Ya durƙusa a bakin ƙofa. Nuha ta kawo shayi ta ajiye, bai ko dube ta ba.

“Yaya sunan 'yarka?” in ji Rakan da Larabci.

“Ga ta nan, tambaye ta.”

“Shekarunta nawa?”

“Yaya Kabira ta sani.”

Rakan ya ɗago ya dube shi, ya rubuta wani abu. Sannan ya ce, “To, kai kana son ta ci gaba da zama a hannunka?”

Yanzu don Allah, wane Bahaushe ne zai buɗe baki a gaban uwar matarsa, matar ma tana ƙasa, ya ce ina son 'yata, ba zan ba ki ba? Mukhtaru ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, “Ni wa? Ai ta Hajiya ce. Ni me nake da shi a ciki?” Magana ce ta kara, wadda ko yaro a Hindawiyya ya san ba kyauta ba ce. Hajiya ma ta mayar masa yadda ake mayarwa, ta ce cikin mayafi, “A'a, taka ce, mu 'yan kallo ne.” Sai dai da Hausa ta faɗa, Talal kuma yana zaune ya ƙi fassarawa. Rakan ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya tafi.

Ba a daɗe ba ya bugo wa Mukhtaru waya da hantsi, ya karanta masa abin da ya ɗaga wa alƙali: uba ba ya ambaton sunan 'yarsa, ba ya dubanta, bai san shekarunta ba, kuma da bakinsa ya ce ta kakarta ce, don haka shawara ita ce a mayar da riƙo hannun kaka. Rakan yana cikin cewa, “Amma ka sani, wannan ba…” wayar ta riga ta haɗu da bango. Mukhtaru ya bi ɓaraguzan ya tattake. Ranar nan duk wanda ya zo sayen tsire ya ga idonsa, sai ya tuna yana da wani uzuri a gaba.

Sai ga Talal bayan la'asar, da akwati fanko a hannu. Shi ƙanin mata ne, tsakaninsa da Mukhtaru akwai wasa tun da, shi kaɗai ke tsokanarsa ya kwana lafiya. Wannan ne ya ruɗe shi. Ya tsaya gaban garwashi yana murmushi ya ce, “Yaya Mukhtaru, na zo kwasar kayan 'yarmu. Ai mun gode da kyauta. In kana kewa sai ka riƙa gaida ragunanka, su ma ba ka san sunansu ba.”

Mukhtaru ya kwantar da wuƙa a kan katako. Masu shaguna suka fara ja da baya. Talal bai lura ba, yana ta dariyarsa.

Mari ɗaya ya ɗauke dariyar. Akwatin ya yi gefe, Talal ya yi gefe. Mukhtaru ya tsallake teburin, garwashi ya zube a titi, tsire ya bi ƙasa. Ya cakumo wuyan rigar ya ɗaga yaron sama, ya gwara kansa da ƙofar ƙarfen shagon da ke kusa, ƙarar ta kai ƙarshen lungu. Ya sake gwarawa. Talal ya ɗaga hannu yana cewa, “Yaya, wasa nake, wallahi wasa…” naushi ya same shi a muƙamuƙi, aka ji ƙas, kamar an karya ƙashin awaza. Haƙora biyu suka faɗo cikin toka. Ya zube, Mukhtaru ya hau ruwan cikinsa yana saukar masa da hannu, dama da hagu, dama da hagu, farar riga ta koma ja tun daga wuya har ciki. Mutum huɗu suka rataye a hannuwansa, ya watsar da su. Mai shagon kayan miya ya rungumo shi ta baya, ya sha gwiwar hannu a hanci, ya koma ya zauna yana tarar jini da tafi. Mata suna ta salati daga tagogi. Idon Mukhtaru ya rufe, ba ya jin kira, ba ya ganin kowa, dukan kawo wuƙa kawai yake yi wa ƙanin matarsa.

Kabira ce ta tsayar da shi. Ta sauko ba mayafi, da muciya a hannu, ta zabga masa a gadon baya iya ƙarfinta, ta ƙara a ƙeya. “Sake shi, ɗan banza! Sake shi, ka kashe ɗan mutane!” Ya waiwayo a fusace, ya ga yayarsa ce, hannunsa ya tsaya a sama. A bayanta, can saman matakalar lungu, Nuha ce tsaye da butar shayin da ta saba kawo masa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba, tana dai kallo. Ya daka mata tsawa, “Ke, shiga gida!” Ta ajiye butar a kan matakala ta shiga.

A asibiti aka ɗaure wa Talal muƙamuƙi da waya, sai kunu da madara ta tsinken roba. Ya so ya kai maganar ga 'yan sanda, Hajiya Safiyatu ta ce in ya kai ba ta yafe ba. “Ba za a ce ni na ɗaure uban jikata ba. Kai ma bakinka ne ya ja maka. Faɗuwa ka yi a matakala, ka ji ko?” Mutanen lungu kuwa, da aka tambaya, kowa ya ce yana masallaci a lokacin.

Washegari Kabira ta yafa mayafi ta hau tasi ta je kotun da kanta, ta zauna a ɓangaren mata har ta sami mai yi mata bayani. Ta dawo ta tarar da ƙanin nata zaune a ɗaki, hannu a kumbure, ya ƙi cin abinci. Ba ta tausaya masa ba ko kaɗan.

“Sakarai kawai. Ka fasa waya, ka fasa ɗan mutane, a kan abin da ba hukunci ba! Shawara ce yaron ya rubuta, shawara! Alƙali ne mai yankewa. Sun ce in ka yi shiru har kwanakin da aka ɗiba suka wuce, alƙali zai duba sama-sama, in bai ga ɓaraka ba ya sa hannu. In kuwa ka ce ba ka yarda ba, ka nuna wurin da ba ka yarda da shi ba, to dole ya buɗe wurin nan ya duba da kansa tun daga tushe. Abin da yaron yake shirin gaya maka ke nan ka maka shi da bango.”

Mukhtaru ya ce a hankali, “Yaya, ashe ba a karɓe ta ba?”

“Da ba a karɓe ta ba. Yanzu kuma sai abin da Allah ya yi.”

Suka shigar da ƙin amincewa a kan kowane layi. Aka sa musu rana, alƙali ya ce ba ta waya yake so ba, kowa ya zo da ƙafarsa.

Alƙalin dattijo ne, siriri, ba ya ɗaga murya, yana da ɗabi'ar cire tabarau in zai saurari mutum. Mukhtaru ya so ya durƙusa a ƙasa saboda Hajiya tana ɗakin, ɗan sandan kotu ya nuna masa kujera, ya ɗosana a bakinta. Alƙali ya fara da cewa, “Abin da Rakan ya gani da idonsa na karɓa, don shi ya je, ni ban je ba. Ma'anar da ya ba abin da ya gani kuwa, auna ta aikina ne, tunda uba ya ce bai yarda ba.” Ya kira Rakan ya tambaye shi: ya ga tabon duka a jikin yarinyar? Bai gani ba. Ya ga alamar yunwa? A'a. Makaranta fa? Ba ta fashi. Akwai mace babba a gidan? Akwai, yayar uban. Alƙali ya gyaɗa kai ya juyo ga Mukhtaru.

“Kai kuma, me ya hana ka faɗin sunan 'yarka?”

Mutumin da ya kayar da bijimi ya jiƙe sharkaf da gumi. Daga bayan ɗaki Kabira ta yi caraf, “Ya shaikh, 'yar fari ce, mu ba ma…” Ɗan sanda ya ce ta yi shiru, alƙali ya ce a bar ta, a rubuta sunanta cikin shaidu. Ta yi bayani da Larabcinta na kasuwa, cewa a wurinsu ɗan fari kunyarsa ake ji, ba a kiran sunansa, ba a nuna sonsa, ita kanta har ubansu ya mutu ba ta ji sunanta a bakinsa ba. Alƙali ya ce ya taɓa jin haka a wurin maƙwabta tun yana yaro, amma shaidar 'yar'uwa ga ɗan'uwanta tana son abin dafawa. Ya mayar da tabarau ya dubi mai ƙara.

“Hajiya, uwar yarinyar nan 'yarki ce. Yaya sunanta?”

“Marigayiya, ya shaikh.”

“Sunanta nake tambaya.”

Hajiya Safiyatu ta ja mayafi ta rufe baki. Talal ya yunƙura zai amsa ta cikin haƙora, alƙali ya ɗaga masa hannu. Can Hajiya ta ce, “Ita ce ta fari. Har na rufe mata ido ban kira shi ba. Kada ka sa ni yau.” Ta fashe da kuka. Rakan ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi, ya ce wallahi bai sani ba. Alƙali ya ce babu laifi a kansa, ya rubuta abin da ya gani ne, don irin wannan aka ajiye mai dubawa a sama. Ya sa magatakarda ya rubuta cewa wannan dalili ya faɗi. Sannan ya sake duban Mukhtaru.

“Saura maganar da ka yi cewa ta kakarta ce. A nan ba na karɓar kara. Ka bar wa Hajiya riƙon, ko kana so? Ɗago ka faɗa.”

Wannan ita ce magana mafi nauyi da Mukhtaru ya taɓa ɗauka. Ya ɗago kai, karo na farko a rayuwarsa, a gaban surukarsa. Ya ce, “Hajiya, ki gafarce ni.” Sannan ya dubi alƙali. “Ina son 'yata, ya shaikh. Ban bayar ba. In aka raba ni da ita mutuwa zan yi.” Kabira ta share hawaye da bakin mayafi tana cewa yau ga abin mamaki.

Alƙali ya dubi Talal da wayar da ke bakinsa. “Kai me ya same ka?”

“Matakala,” in ji Talal.

Dattijon ya dubi bayan hannun Mukhtaru, inda ɓawon ciwo bai gama faɗuwa ba, ya daɗe yana kallo. Ya tambayi Hajiya ko tana da abin ƙarawa, ta girgiza kai. Ya ce to, shi ba ya hukunci da zato. Uba yana gaba da kaka a riƙo muddin ba a kawo abin da ya kayar da shi ba, dalilan shawarar kuma duk sun rushe. “Abu ɗaya ya rage. Ba na yanke magana a kan yarinya ban gan ta ba. A shigo da ita.”

Wata ma'aikaciya ta riƙo hannun Nuha daga ɗakin jira. Ta tsaya kusa da kujerar kawunta, cikin rigar makaranta, idonta a ƙasa. Alƙali ya sassauta murya ya yi mata tambayoyi da Larabci, ta amsa tsaf. Tana cin abinci? Tana ci. Wa ke mata kitso? Gwaggo Kabira. Baba yana dukanta? Bai taɓa ba. Ya ce madalla, Allah ya yi mata albarka. Ya juya ga magatakarda ya fara shifta: bayan duba shawarar da aka ɗago da ƙin amincewar uba, kotu ba ta ɗauki shawarar ba, riƙon yarinya yana nan a hannun…

Mukhtaru bai jira ƙarshen ba. Daɗi ya ɗebe shi, ya zabura tsaye, kujerar ta kife a bayansa da ƙara, ya ɗaga hannuwan nan biyu sama ya kwarara kabbara da muryar mayanka.

Ihun da Nuha ta yi sai da ɗan sanda ya dafa ƙugu. Ta faɗa kan Talal, ta rungume kansa da hannuwanta biyu, ta kare shi da bayanta, tana kyarma tun daga kai har ƙafa. “Baba, kar ka kashe shi! Kar ka ƙara, Baba, jini, jini! Kawu, rufe bakinka, kar ka yi magana!” Tana faɗa da Larabci, kowa a ɗakin ya ji. Talal ya riƙe ta da hannu ɗaya, hawaye na bin wayar bakinsa. Hajiya ta taso ta ɓamɓare ta da ƙyar, ta cusa ta cikin mayafinta, yarinyar tana ta shessheƙa.

Alƙali ya ce wa magatakarda, “Dakata. Goge layin ƙarshe.” Ya cire tabarau ya ajiye. Sannan ya dubi Mukhtaru, wanda har yanzu hannuwansa ba su gama saukowa ba.

“Ka ce in duba da kaina, na duba. Shawarar nan na soke ta, dalilanta ba daidai ba ne, kai ba uban da ba ya son 'yarsa ba ne. Amma wannan da ya faru yanzu ba Rakan ne ya gaya mini ba, ni na gani. Maganar muƙamuƙi haƙƙin mai shi ne, in ya so ya nema. Yarinya kuwa ba zan mayar da ita ɗaki ɗaya da abin da take tsoro ba. Riƙo yana hannun kakarta. Kana da ziyara, a gidan kakar, a gaban kakar. In hali ya sauya, ƙofar kotu a buɗe take, kuma kai ma kana da damar ɗaukaka wannan hukunci.”

'Yan sanda biyu suka matso kusa da Mukhtaru, don labarinsa ya riga shi zuwa. Kabira ta riƙe gefen rigarsa tana cewa, “Don girman Allah, Mukhtaru.” Ba su san babu abin da ya rage a jikinsa ba. Hannuwan suka sauko suka rataye. Baƙin ciki ya cika shi har wuya, kuma a duk ɗakin babu wanda zai kama ya ce shi ya yi masa, don ya san wanda ya yi.

Hajiya ta ja jikarta suka nufi ƙofa, Talal a bayansu. Dole ta gaban Mukhtaru za su wuce. Ya matsa ya manne da bango ya ba su hanya, kansa a ƙasa. Daidai bakin ƙofa Nuha ta leƙo daga cikin mayafi, ta yi raɗa da Hausa, Hausar da ba ta cika yi ba, don kada alƙali ya ji.

“Hajiya, zai biyo mu?”

Hajiya ta ƙara ja ta cikin mayafi. Amma shi ya ji. Ya sulale ya zauna a ƙasa kusa da kujerar da ya kifar. Magatakarda ya ce an gama, a fita, akwai masu shari'a a baya. Kabira ta ce ya tashi su tafi. Ya ce, “Bari tukuna, Yaya. Leƙa ki gani in sun sami tasi. Kar ta waiwayo ta gan ni a bayansu.”

Kabira ta fita ta leƙa, ta dawo ta ce har yanzu suna bakin titi. Ya ce to, a ƙara jira.